Mushe ba ya samun girma sai ya ajiye alli

Duk shekara, da zarar sakamakon BEPC da na BAC ya fito aka ga tulin yaran da suka faɗi, magana ɗaya ce ke dawowa a Facebook, a WhatsApp, da fada wajen shan shayi: malamai ba sa aiki. Daga nan sai wani ya kawo magani. A riƙa biyan kowane mushe gwargwadon yawan ɗaliban da suka ci a hannunsa, wanda ajinsa ya yi kyau a ƙara masa, wanda nasa ya zube a zaftare masa ko a sallame shi. Masu faɗin haka ba mugaye ba ne. Yawanci ƙannensu ne suka faɗi, ko su da kansu sun zauna a ajin da malami ke zuwa Talata ya ɓace Alhamis. Suna da dalilin jin haushi. Amma ni ban yarda da maganin nan ba. Kafin mu ce a ɗaura albashi a wuyan sakamakon jarrabawa, bari mu duba yadda ake hawa a aikin koyarwa a Nijar, da kuma wanda ke hawan.

A cikin lakwal ɗaya za ka iske malamai iri biyu. Allo ɗaya, alli ɗaya, littafi ɗaya, ƙarfe takwas ɗaya. Ɗaya yana da lambar matirikil, wato cikakken ma'aikacin gwamnati ne: yana da albashi, yana da matakan ƙarin girma, yana da ritaya, banki ya san da zamansa. Ɗayan ɗan kwantaragi ne. Abin da ake ba shi ma ba a kiransa albashi, pekil ake ce masa, kuma shekaru da dama na firamare yana tsaye a wajen jika 75 a wata. Wanda ya fara bana da wanda ya shekara goma yana shan ƙurar alli, hannunsu ɗaya ranar biya. Kuma waɗannan ba ƴan tsiraru ba ne. A shekarun 2010, kusan malamai takwas cikin goma na firamare ƴan kwantaragi ne. To wane ƙarin girma ake magana a kai, alhali mafi yawan masu riƙe da aji ba su ma taka matakin farko na tsanin ba?

Wannan abu ba daga sama ya faɗo ba. Tun ƙarshen shekarun 1980 Bankin Duniya da asusun FMI suka matsa wa ƙasashenmu su rage kashe kuɗi a kan ma'aikata. Ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990, irin waɗannan matakan tsuke bakin aljihu a fannin ilimi ne suka fito da su kan titi. Sefa ta karye a Janairun 1994, albashi ya riƙa taruwa ba a biya ba, ɗaukar sababbin ma'aikata ya tsaya cik. A lokacin kuma yaro ɗaya cikin uku ne kawai ke shiga makaranta. Sai aka ƙirƙiro malaman sa-kai a ƙarshen shekarun 1990, daga baya aka mai da su ƴan kwantaragi, aka buɗe ajujuwa dubbai a ƙarƙashin shirin shekara goma na PDDE da ya soma a 2003. Gaskiya ne, da yawa cikinmu masu karanta wannan rubutu, ba don wannan dabarar ba da ƙafarmu ba ta taka lakwal ba. Amma an ce mana na wucin gadi ne. Ga shi an haura shekara ashirin, yaran da ƴan kwantaragin farko suka koya wa baƙi da wasali su ma yau ƴan kwantaragi ne.

An taɓa gwada auna cancanta, kuma ya kamata mu tuna yadda ta kaya. A watan Yulin 2017 ma'aikatar ilimin firamare, zamanin minista Daouda Mamadou Marthé, ta zaunar da malaman kwantaragi jarrabawa. Sandikoki sun yi ca, wasu sun kira magoya bayansu su ƙaurace. Da sakamako ya fito, wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu maki 10 cikin 20. Kowa ya girgiza, kuma ni ba na cikin masu cewa ba a yi daidai ba da aka duba. Mutumin da ba ya iya lissafin ajin CM2 bai kamata a ba shi ajin CM2 ba, ko ɗan wane ne. Dubban mutane sun rasa kwantaraginsu. Abin da nake tambaya shi ne: waɗanda suka ci fa? Wanda ya samu 16, ya samu 17, me ya sauya a rayuwarsa? Sanda ta sauka cikin ƴan watanni. Da yawa cikin waɗanda suka nuna gwaninta kuwa sun koma aji da pekil ɗin jiya, suna jiran jerin sunayen da ba su san ranar fitowarsa ba. Malamai sun ɗauki darasi a nan, kuma darasin ba mai kyau ba ne: idan an ce za a auna ka, kora ake nufi.

Yanzu mu koma kan mai matirikil, wanda ake ganin ya tsallake. Dokar aikin gwamnati ta 2007 ta raba ma'aikata rukuni-rukuni, A, B, C, D, kowane rukuni da azuzuwansa da matakansa. Kowace shekara biyu ana sa ran ka hau mataki ɗaya. Akwai makin da shugabanka ke ba ka duk shekara, amma duk wanda ya taɓa leƙa waɗannan takardu ya san kusan kowa maki mai kyau yake samu, domin babu daraktan da ke son ya ɓata da mutumin da suke sallah sahu ɗaya. Saboda haka mai zuwa kullum da mai zuwa in ya ga dama tare suke hawa. Ko hawan ma, sau da yawa a takarda yake tsayawa. Shi ya sa kuɗin bashin ƙarin girma ba ya ɓacewa daga jerin koke-koken sandikoki kamar SNEN da SYNACEB duk lokacin da aka shiga yajin aiki.

Hawa na gaske, wanda ke sauya abin da ke shiga tukunya da yadda ake gaishe ka a gari, hanyarsa ɗaya ce: ka fita daga aji. Ka zama daraktan babbar makaranta a sauke maka koyarwa. Ka ci gasar shiga ENS ta jami'ar Abdou Moumouni ka fito mai ba da shawara kan koyarwa ko sufeto. Ka samu kujera a ofishin jiha ko a ma'aikata a Yamai. In ka yi sa'a wata ƙungiyar agaji ta ɗauke ka, ka shiga farar mota, ka dawo kana koya wa tsofaffin abokan aikinka yadda ake koyarwa. A zamanin jam'iyyu kuma akwai gajeriyar hanya wadda kowa ya sani, ta kati da gangami. Ka duba da kyau: duk wata lada da muka tanadar wa gwanin malami, sharaɗinta shi ne ya daina koyarwa. Matar da ta fi kowa iya sa yaran CI su haɗa baƙi su karanta, in tana son ci gaba, dole ta bar yaran ta koma cike takardu. In ta ƙi, ta tsaya a aji shekara talatin saboda nan zuciyarta take, ranar ritaya sai a ce wance ba ta yi gaba ba. Mu ma a gida haka muke magana. Ka ji ana cewa: har yanzu wane koyarwa yake? Sai ka ce ciwo ne ya ƙi warkewa.

Haka batun wurin aiki yake. Wanda ke da uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Shi ya sa za ka iske wata makaranta a cikin birnin Maradi ko Damagaram malamai sun yi yawa har wasu ba su da aji, alhali a wani ƙauye na Dakwaro ko Tanut ko Abalak mutum ɗaya ke riƙe da aji biyu ko uku, shi ne darakta, shi ne mai kaɗa ƙararrawa. Wa ake turawa can? Sabon ɗan kwantaragi marar kowa. Kuma ba a ƙirga masa wannan a matsayin komai. Shekara biyar a daji da shekara biyar a bakin kwalta, a takarda duk ɗaya ne.

To a kan wannan ƙasa ce ake so a dasa biyan kuɗi gwargwadon sakamako. Mu ɗauki malamai biyu. Ɗaya yana wata unguwa a Yamai, aji na siminti, yawancin iyayen yaran sun yi boko, da yamma akwai mai zuwa gida yana maimaita musu darasi. Ɗayan yana rumfar kara. Kowa ya san rumfar kara ba ta tashi sai an gama girbin hatsi an samu karan, don haka yaransa ba sa zama sosai sai Nuwamba ko Disamba, kuma da ruwan farko ya sauka an watse. Ranar kasuwa rabin aji ba ya nan. In rani ya yi tsanani yara suna bakin rijiya, ko sun bi iyaye ci-rani. A yankin Tillaberi makarantu ɗaruruwa ne matsalar tsaro ta rufe, a kudancin Maradi ma akwai garuruwan da malami ke kwana da ido ɗaya saboda ƴan bindiga. In ka ce sakamakon ƙarshen shekara ne ma'auni, ka riga ka san wanda zai ci kyautar tun kafin a buɗe makaranta. Ka ƙara wa mai shi, ka kuma ba kowane malami sabon dalilin neman hanyar gudu daga ƙauye. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. Ranar da abincin mutum ya rataya a kan maki, makin ne zai gyara, yaron kuwa oho. A birnin Atlanta na Amurka an ɗaura kyauta da barazanar kora a kan sakamakon jarrabawa, sai aka gano malamai da shugabannin makarantu suna zama suna goge amsoshin yara suna gyarawa. A 2015 kotu ta samu goma sha ɗaya daga cikinsu da laifi. Can ke nan, inda ake da kayan bincike. Mu nan da muka san yadda takardun jarrabawa ke yawo a waya kafin ranar, muka kuma ji yadda hukumar HALCIA ta taɓa bankaɗo malaman bogi da ake biya ba su taɓa shiga aji ba, me muke tsammani? Ko ba a yi maguɗi ba, akwai hanya mai sauƙi: ka hana raunanan yara zama jarrabawa, ka tura su maimaita aji ko gida, sai kason waɗanda suka ci ya yi kyau. Ɗiyar talakan da ke tafiya a hankali ita ce za ta fara biya.

Kada wani ya ce ina kare malalata. Akwai su, kuma mun san su. Akwai mai tafiya karɓar kuɗi a gari ya yi sati bai dawo ba. Akwai wanda ya ɗauki aikin don bai samu wani ba, yana faɗa da bakinsa. Binciken PASEC na 2014 ya nuna ko yaro ɗaya cikin goma na ƙarshen firamare bai kai matakin karatun da ake bukata ba a Nijar. A 2019 an ɗaga zuwa kusan uku cikin goma, wanda ci gaba ne, amma har yanzu bakwai ke nan a baya. Wannan ba abin da za a rufe da zani ba ne. Sai dai mutumin da ka ce masa ko ya yi ƙoƙari ko bai yi ba, jika 75 ce, bana da baɗi da shekara goma masu zuwa, me ka ba shi da zai riƙe? Abin mamaki ma shi ne yawan waɗanda ke yin aikin tsakani da Allah a cikin wannan hali.

Jami'a tana da abin da za ta koya mana, ta fuska biyu. Malaman jami'o'inmu, daga Abdou Moumouni ta Yamai zuwa Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, André Salifou ta Damagaram da Djibo Hamani ta Tawa, suna hawa ne ta hannun CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da Madagaska. Mutane da yawa ba su san cewa a nan Yamai aka yanke shawarar kafa ta a 1968 ba, ko da yake hedikwatarta na Wagadugu. Tsarin a fili yake. Matakai huɗu ne daga mataimaki har zuwa cikakken farfesa, kowane mataki da sharuɗɗansa a rubuce. Ka haɗa takardunka, su fita daga ƙasar, malamai na fanninka daga wasu ƙasashe su duba su. A fannin likita, shari'a da tattalin arziki kuma akwai gasar da mutum ke tsayawa gaban alƙalai ya yi darasi. Babu ministan da zai kira waya a mai da ƙanensa farfesa. Kuma babban abin: farfesa yana hawa yana nan a gaban ɗalibai. Girmansa yana iske shi a inda yake.

Ɗaya fuskar kuma, abin da wannan ma'auni ya fi gani shi ne bincike da maƙalolin da aka wallafa. Duk wanda ya zauna a ɗakin karatu mai ɗaukar ɗaruruwa, yana jiran makin da ya kwana wata da watanni, ko ya ga shekarar karatu ta hau kan wata, ya san iya koyarwa da dawo da takardu a kan lokaci ba su da nauyin da ya kamata a ma'aunin. Malami mai hankali zai sa ƙarfinsa inda ake ƙirgawa. Sannan muƙamai daban, matakai daban: rikicin da aka yi da SNECS a 2018 da 2019, da yajin aikin da ya cinye makonni, a kan wa zai zaɓi shugaban jami'a ne, malamai ko gwamnati. Inda aka bar ƙa'ida a rubuce an samu sauƙi, inda aka bar wa masu mulki ƙofa nan rigima ta tashi.

Abin da nake ganin ya dace mu nema ba ya bukatar sabuwar hikima. A fara da matakin farko. A rubuta, kowa ya gani, cewa ɗan kwantaragin da ya yi shekaru kaza, ya kuma ci jarrabawar ƙwarewa a cikin ajinsa, ya shiga layin matirikil, kuma shekarun da ya yi a baya za a ƙirga masa su ranar ritaya. Za a ce babu kuɗi, tsaro ya cinye kasafi. Na ji, kuma ba ƙarya ba ne. Ba na cewa a ɗauki kowa gobe. Amma layi ba ya cin ko dala. In mutum ɗari ne za a iya ɗauka a jiha bana, a liƙa sunayen duka masu jira bisa tsari, da shekarun kowa da makinsa da inda ya yi aiki, mutum ya san shi ne na ɗari uku, baɗin baɗi zai kai. Jira da sanin ranarka daban yake da jiran da kake gani wanda ya zo bayanka ya wuce ka saboda kawunsa.

Sai a buɗe hanya ta biyu ta hawa, wadda ba ta fitar da mutum daga aji. A samu matsayin babban malami, wanda albashinsa zai iya kamo na sufeto alhali yana riƙe da alli. Irinsu ne za su jagoranci taron CAPED, inda malaman yanki ke haɗuwa su gyara wa juna aiki, su kuma riƙe hannun sababbin da ke fitowa daga makarantun horon malamai. Yaya za a zaɓe su? A shiga ajin mutum a zauna, fiye da sau ɗaya, kuma masu dubawa su haɗa da wanda ba na yankin ba, kamar yadda CAMES ke fitar da takardu waje. A duba littattafan yara. A gwada karatunsu a farkon shekara, a sake gwadawa a ƙarshe, domin abin da malami ya ƙara shi ne nasa, ba abin da yaro ya zo da shi daga gida ba. A tambayi kwamitin iyaye na makarantar abu ɗaya da suka fi kowa sani: yana zuwa ko ba ya zuwa? In kuma ana son ba da tukuici a kan ci gaban yara, a ba makaranta gaba ɗaya, don mai CI da mai CM2 igiya ɗaya suke ja.

Daji kuma a biya shi. Gambiya, wadda ba ta fi mu arziki da wani abin a zo a gani ba, tun 2005 take ƙara wa malaman makarantun nesa kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na albashinsu, kuma ƙwararrun malamai sun karɓi zuwa inda da ake gudu. Mu ko kuɗin bai samu ba tukuna, ana iya cewa shekara ɗaya a rumfar kara tana daidai da biyu a layin matirikil da na ƙarin girma. Wannan sa hannu kawai yake bukata.

Ƴan uwa matasa, yawancinmu ba malamai ba ne, shi ya sa muke barin maganar nan ga sandikoki, mu kuma sai mu tuna da ita ranar da yajin aiki ya mai do ƙannenmu gida. Sandika tana kare ɗan ƙungiyarta, mai kyau da marar kyau, aikinta ke nan. Wanda zai tsaya a kan cewa gwani ya hau, kuma ya hau yana cikin aji, sai mu masu yara a ajin. Ana ta maganar sake gina ƙasa, to ga wurin da za a aza tubali. Kafin komawa makaranta a watan Oktoba, ina ba da shawara kowane reshe namu, a Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai, ya rubuta wa ofishin ilimi na yankinsa takarda mai tambaya uku: ƴan kwantaragi nawa ne suka haura shekara biyar a yankin, su wa aka ba matirikil a zagayen ƙarshe kuma bisa wace ƙa'ida, sannan malamai nawa ne ke karɓar kuɗi a cikin gari ba su da aji. Duk amsar da aka samu, ko shirun da aka yi, a turo mu buga a wannan shafi da sunan yankin da ranar da aka kai takardar.